Shekarun Goggo da Rikoda ta Huɗu

Litinin, 10 ga wata

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya zaman daji? Mu nan kowa ƙalau. Maman yara tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko sauron can ya saba da kai. Ciwon bayana ya yi sauƙi tun da na sa filo a kujerar da ka bar mini. Ranar Asabar na leƙa gidanka, iyalinka duk lafiya.

Na san ranar da ka miƙa mini aikin kula da kyamarorin tsaron nan ka ce kada in dame ka da wasiƙa sai in gobara ta tashi. Gobara ba ta tashi ba, amma ka karanta ka yanke hukunci da kanka.

An sace injin ban ruwa a sito. Mai kula da sito ya ce ranar Litinin uku ga wata ya gan shi da idonsa, ranar Juma'a bakwai ga wata ya nema ya rasa. Na duba hotunan ƙofar gaba da ta tsakiya na kwanakin nan biyar, babu abin da ya fita ba bisa ƙa'ida ba. Saura ƙofar baya, wadda Baba Maigadi yake tsaro. Manaja ya kira shi ofis ya ce in wata ya ƙare ba a gano yadda injin ya fita ba, ya ajiye makullai ya kama gabansa. Ka san Baba, shekara goma sha tara a ƙofar nan, ga jikoki uku a hannunsa. Da ya fito sai ya koma kan bencinsa ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Ni na tabbata ba shi da hannu. Mutumin da in ya tsinci ƙusa a ƙasa sai ya kai ta ofis?

Rikoda ta huɗu ce take adana hoton kyamarar ƙofar baya. A wata huɗun da na yi ban taɓa buƙatar shiga cikinta ba, domin hoton abin da ke faruwa yanzu yana fitowa a allo ba sai da kalmar sirri ba. Komawa baya ne sai da ita. Na ɗauko ƙaramin littafinka mai koren bango. Rikoda shida, shafi shida. Biyar ka rubuta su tsaf, kuma duk suna buɗewa. A shafi na huɗu kuwa abin da ka rubuta kawai shi ne Goggo, sai ɗigo huɗu a gabansa.

Na yi minti arba'in ina kallon shafin. Daga nan na sa Goggo ita kaɗai, na danna. Ta ƙi, kuma wani rubutu ya fito cewa saura gwaji huɗu ta kulle. Na janye hannuna daga linzamin kwamfuta kamar na taɓa garwashi.

Na je wurin dillalin da ya sayar da ita. Ya ce in ta kulle sai dai ya mayar da ita sabuwa fil, kuma ba zai yi rantsuwa cewa hoton zai tsira ba. Sannan a bayan littafinka ka rubuta cewa kwana ashirin da ɗaya take riƙe hoto, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Na lissafa sau uku, Maman yara ma ta lissafa mini sau ɗaya: ranar ashirin da huɗu ga wata za ta fara cinye ranar uku.

Don Allah ka aiko da cikon kalmar ta hannun direban tankar man nan da yake kai muku gas, tunda waya ba ta shiga wurinku. In kuma ni ne ban fahimci shafin ba, ka yi haƙuri, ka san kaina ba ya saurin ɗauka.

Ƙaninka,
Akawu

Alhamis, 13 ga wata

Akawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sauro ma lafiyarsa lau, ka gaya wa Maman yara. Madatsar ruwan da muke ginawa ta kai ƙugu. Filo kuma ka cire shi, kujerar ba ta da laifi, zamanka ne kamar mai jiran hukunci.

Labarin Baba bai yi mini daɗi ba. Shi ne ya riƙe mini tsani ranar da na ɗaura kyamarar ƙofar nan.

Ba zan rubuta kalmar sirri a wasiƙa ba. Direban nan karanta wasiƙun mutane yake yi. Makon jiya tun kafin in buɗe ta uwargida ya yi mini barka da haƙorin da autana ya fitar. Amma abin ba wuya. Ɗigo huɗun nan lamba huɗu ce, shekarar da aka haifi Goggonmu, ƙanwar iyayenmu, mai keken ɗinki. G babba, kada ka bar fili tsakani. Na zaɓi wannan ne don ɓarawo ba zai sani ba, ɗan gida kuwa ba zai manta ba. Kada ka gaya wa kowa da me aka haɗa kalmar, ko ita Goggon.

Ka daina tsoron na'ura, ba ta cizo. Direba, in ka kai nan a karatu, ina gaishe ka.

Yayanka

Litinin, 17 ga wata

Yaya Injiniya,

Salama da gaisuwa. Wasiƙarka ta iso ranar Asabar da ƙarfe huɗu da kwata. Direba ya ce yana amsawa. Kowa lafiya, sai ɗan tari da babbar 'yata take yi. Filo ban cire ba tukuna, ina nazari.

Da na karanta sai na ji sanyi a raina, har na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Sai da na ɗauki biro zan rubuta shekarar na gane ban san ta ba. Na tambayi Maman yara, ta ce ita da aka kawo ta gidan nan ta tarar da Goggo tsohuwa, kuma har yau ba ta ƙara ba ta rage ba.

Jiya Lahadi na tafi gidan Goggo da lemu. Na same ta a kan keke, tabarau a kan hanci, fil uku a baki. Muka gaisa, ta yi mini faɗan rashin zumunci na kusan rabin awa, kai ma an taɓa ka a ciki. Da ta numfasa na ce ko zan iya ganin katin shaidarta. Ta cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta ce na mene ne. Na tuna gargaɗinka, na ce aikin ofis ne. Ta ce yaushe ofishinku ya san da zamanta. Duk da haka ta janyo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ta tono katin daga cikin maɓallai. An rubuta 1955.

Ina cikin kwafewa ta fizge katin, ta ce kada in sake in rubuta wannan ƙaryar. Wai ranar da aka yi katin haƙori ne yake damunta, kumatunta ya kumbura, ma'aikacin ya kalle ta kawai ya yanka mata shekaru yadda ya ga dama. Na ce to wace ce ta gaskiya? Ta ce hamsin da takwas, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya faɗa a gabanta. Na rubuta duka biyun. Har na kai ƙofa tana bina da wani irin kallo.

Yau da safe na zauna gaban rikoda na yi tunani. Kai mutumin takarda ne, don haka na fara da ta katin. Ta ƙi. Na fita na zaga sito sau biyu, na sha ruwa, na dawo na ce to ai kai ɗan gidan Goggo ne, maganarta za ka bi. Na sa hamsin da takwas. Ta ƙi. Saura gwaji biyu.

Abin da yake cin raina yanzu shi ne, anya G babba na sa a karo na farko? Na duba littafin da nake rubuta abubuwan da na yi kullum. Na rubuta cewa G babba ce, na ja layi a ƙasa. Amma layi ɗaya na ja, ni kuma in na tabbata da abu sosai layi biyu nake ja. Ban san me ya sa na ja ɗaya ba.

Yaya, ka bar zancen direba. In ya karanta ma ina zai kai ta? Ka rubuta lambar ƙarara. Saura kwana bakwai ta fara ci.

Ƙaninka,
Akawu

Litinin, 24 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ranar da wannan za ta tafi ba, don direba bai zo ranar Asabar ba, jiya ma shiru. Ina rubutawa ne don in ban rubuta ba kaina zai fashe. Tarin yarinya ya warke. Goggo ma lafiyarta ƙalau, ka riƙe wannan da kyau, za ka ga dalili.

Ranar Laraba na ce maimakon in zauna jira bari in je wurin Baffa, tunda shi ne wanta, a gabansa aka haife ta. Na same shi a ƙofar gida yana karatun jaridar makon jiya. Da na tambaye shi sai ya yi dariya har da tari. Ya ce hamsin da takwas ai lokacin Goggo har ta iya satar masa alli. Yana aji uku aka haife ta, ya tuna sarai, don ranar aka manta ba a ba shi abincin tafiya makaranta ba. Ya sa aka ɗauko masa takardar gama firamare, muka yi lissafi da baya, ya ba mu 1951. Ka ga wannan lissafi ne mai hujja.

Da zan tafi ya riƙe hannuna, ya rage murya ya ce in gaya masa gaskiya, likita ne ya aiko ni? Na ce a'a, aikin ofis ne. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce ya gane, Allah ya sa mu cika da kyau. Na ɗauka addu'a ce irin ta manya, na ce amin.

Kafin Juma'a labari ya gama dangi cewa Akawu yana bin gida gida da biro yana haɗa takardun Goggo, kuma an ɓoye mata abin da likita ya ce. Maman yara ta je ta dawo ta ce takalma a ƙofar ɗakin Goggo sun kai talatin. Da farko Goggo ta tashi za ta kori mutane da tsintsiya. Da ta ga lemu da ayaba da madara suna taruwa, ga 'ya'yan da shekara biyu ba su leƙo ta ba suna matsa mata ƙafa, sai ta koma ta kwanta ta ja bargo. Yanzu in an tambaye ta ina ne yake ciwo, sai ta ce ko'ina. Maman yara ta ce ni kaɗai ne mutumin da zai je gaisuwa da lemu shida ya kwantar da tsohuwa.

Ranar Alhamis na sa hamsin da ɗaya. Na ja layi biyu a ƙarƙashin G kafin in danna. Ta ƙi. Saura ɗaya, kuma na yi alkawari ko yatsana ba zai ƙara kusantar ta ba sai na ji daga gare ka.

Yau ce ashirin da huɗu. Tun safe nake zaune ina kallon 'yar jar fitilar nan tata tana ƙiftawa, na san duk ƙiftawa ɗaya wani abu ya tafi. Da rana Baba ya leƙo da shayi a kofinsa na roba, ya ajiye mini ya ce, “Akawu, injin naka ya yi magana?” Na ce ya kusa. Ya ce ba komai, in sha shayin kada ya huce. Na ga ya fara kwashe 'yan kayansa daga ɗakin gadi kaɗan kaɗan, jiya buta, yau tabarma, don kada ranar ta zo ya fita da ƙunshi a gaban mutane.

Akawu

Alhamis, 20 ga wata

Akawu,

Lafiya lau, gaisuwa daga baya. Ka kashe rikodar. Da ka karanta wannan layin ka tashi ka zare filoginta daga bango. In ba wuta ba ta ɗaukar sabo, in ba ta ɗauki sabo ba ba ta cin tsoho. Da na san ba ka yi haka ba tun ranar farko da ban yi barci ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce akwai takarda manne a bango da jan rubutu cewa kada a kuskura a kashe wannan na'ura ko da wane dalili. Ni na rubuta ta, kuma mai shara na rubuta wa, saboda takan zare filogin ta jona butar shayinta. Ba kai na rubuta wa ba.

Batun lamba kuma, ba direba ne ya hana ni yanzu ba. Na zauna zan rubuta na ga ni ma ban riƙe ta ba. Ban ga dalilin riƙewa ba a lokacin, na ɗauka shekarar haihuwar mutum abu ne da yake zaune wuri ɗaya. Ka dakata da gwaji, ina tunani.

Yayanka

Talata, 25 ga wata

Yaya,

Salama. Direba ya iso yau ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in, wai tankar ce ta karye a hanya suka kwana uku suna jiran ƙarfe. Tun daga ƙofa yake ɗaga mini hannu yana cewa in je in kashe, in je in kashe. Wannan karon ban ji haushin karatunsa ba.

Na zare filogin sha biyu saura minti takwas. Minti goma sha biyun da ke tsakani a gaban takardarka na yi su. Gaskiya ne, ita ce ta hana ni. Tunanin kashewa ya zo mini tun ranar sha ɗaya ga wata, yana nan a littafina, amma na rubuta a gefensa cewa Yaya ya fi ni sani. Yanzu na cire takardar na ninke na sa a aljihu, ban iya yaga ta ba.

A lissafina ranar uku ta tafi duka, da rabin ranar huɗu. In a cikinsu aka fitar da injin, shi ke nan.

Na gaya wa Manaja ƙofar baya ba kyamara yanzu, na kuma roƙe shi ya ƙara wa Baba mako ɗaya. Ya ce shi ma akwai waɗanda suke tambayarsa daga sama, kuma wata ba ya ƙaruwa. Litinin talatin da ɗaya, ƙarfe huɗu. Ga wasiƙar jiya na haɗa da wannan. Direba zai juya gobe da sassafe.

Akawu

Alhamis, 27 ga wata

Akawu,

Allah ya shirye ka. Wasiƙu uku direba ya miƙo mini, na fara buɗe ta uwargida. Ta ce Goggo tana kwance rai a hannun Allah, dangi sun taru, kai ne kake riƙe da takardun. Ban buɗe naka ba, na ruga ofishin shugaban aiki na roƙi wayarsu ta musamman. Suka ce ba a ba da ita sai an yi rasuwa. Na ce ai an kusa, suka ce to in dawo in an yi. Na haɗa jakata, na yi kuka a bayan injin haƙa inda ba mai gani. Sai da yamma na buɗe wasiƙarka na ga ashe lemu ne ya kwantar da ita.

Amma kukan ya yi amfani. Ina tuna muryarta sai abin ya dawo mini. Ranar da na haɗa rikodar nan, shekara huɗu ke nan, daga cikin ɗakin rikodojin na buga mata waya na ce Goggo wace shekara aka haife ki. Ba ta yi jinkiri ba ta faɗa, ni kuma ina ji ina dannawa. Ban duba kati ba, ban tambayi Baffa ba. Don haka ka daina neman shekarar da aka haife ta, ka nemi abin da ta ce mini ranar nan. Na kuma tuna akwai wata mata kusa da ita, don da Goggo ta faɗi lambar na ji an yi wata irin dariya, Goggo ta ce wa mai dariyar ta tashi ta ba ta wuri. Ina zaton maƙwabciyarta ce mai kitso.

Gwaji ɗaya gare ka. In hannunka yana rawa ka sa Baba ya riƙe maka.

Yayanka

Talata, 1 ga sabon wata

Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ka kuma kwance jakarka. Mu nan lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Wasiƙarka ta zo Asabar, Lahadi na tafi gidan Goggo. Na same ta a kwance, mata biyar a kan tabarma, mai kitso a gefen gado tana ɓare lemun marar lafiya tana sha. Na durƙusa na tambayi Goggo ko ta tuna ranar da ka bugo mata waya kana tambayar shekarunta. Ta lumshe ido ta ce ita yanzu ko abin da ta ci da safe ba ta tunawa.

Mai kitso ta ajiye ɓawon lemu ta ce, “Ni na tuna. Sittin da uku ta ce masa.”

Na ce Inna kin tabbata, ba sittin da biyu ba, ba da huɗu ba?

Ta ce, “Ɗan nan, a sittin da uku aka haife ni, kuma matar nan da kake gani ita ta goya ni. Ina zaune ta ɗauke shekarata ta ba wa Injiniya. Shekara huɗu ina jiran wanda zai tambaye ni.”

Goggo ta yaye bargo ta miƙe tsaye ba ta dafa komai ba. Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba, amma har bakin titi ina jiyo ta. Dangi sun ce ba su taɓa ganin sauƙi ya samu da sauri haka ba.

Jiya Litinin ƙarfe tara na mayar da filogi. Ban kira Baba ba, na ce in ta kulle gara in fara shan abin ni kaɗai. Na sa G babba, na sa lamba huɗu, na karanta a bayyane sau uku, na rufe ido na danna. Da na buɗe ido sai ga jerin kwanaki a allo. Na yi hamdala har da hawaye.

Sauran ranar huɗu ba komai. Ranar biyar ba komai, Baba da rediyonsa, sai wata mage. Ranar Alhamis shida ga wata, ƙarfe biyu saura kwata, Baba ya ɗauki butarsa, ya yafito wani daga ciki ya tsaya masa a ƙofa, ya tafi salla. Bayan minti huɗu wata farar a-kori-kura ta tsaya, mutum biyu da rigunan aiki suka shiga, suka fito da akwatin katako suna nishi. Suka nuna wa mai tsaron wata takarda. Ya karanta ta a tsanake, ya gyaɗa kai, ya wangale musu ƙofa. Da ya ga akwatin ya yi musu nauyi sai ya soke littafinsa a hammata ya kama musu gefe ɗaya. A bayan motar ɗayansu ya ɗaga murfi ya gyara buhun da ke ciki, ga injin nan ƙuru-ƙuru har da igiyar tayarwa. Mai tsaron bai gani ba, ya juya baya yana duba agogo yana rubuta lokaci. Da za su tafi ya ɗaga musu hannu.

Yaya, ni ne.

Na buɗe littafina na ranar. Ga abin da na rubuta: “1:53, na taya wasu ma'aikata ɗaukar akwatin tayil da ya fashe za a mayar. Takardarsu da hatimi. Mutanen kirki.” Na karanta shafin nan ya fi sau biyar a makonnin nan ina neman inda Baba ya je da lokacin da ya dawo. Ni a zatona injin ban ruwa abu ne kamar rabin mota, ban taɓa kawo wa raina zai shiga akwati ba. Ni da nake zargin kaina a kan ko na kulle famfo, a kan wannan kaɗai ban zargi kaina ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi minti ashirin da linzami a hannuna. Na san inda ake danna a goge, kuma kowa ya san rikodar ta riga ta ci wasu kwanaki, ba mai tambaya. Na tuna yara biyar da Maman yara. Sai na hango ɗakin gadi ta taga, ba abin da ya rage a ciki sai benci. Na tashi na kira Manaja da mai kula da sito da Baba.

Manaja ya kalla har ƙarshe. Ya ce a mayar baya. Ya sake kallo. A karo na uku ya ce wurin ɗaga hannun kawai yake son gani. Mai kula da sito ya fita waje wai tari ya kama shi, muna jin tarin har da buga bango. Manaja ya tambaye ni ko na san mutanen, na ce a'a. Ya ce ya yarda, don ɓarawon da ya san abin da yake yi ba zai yi mako uku yana haƙilon buɗe shaidar da za ta kama shi ba. An kai wa 'yan sanda hoton. Ni an ba ni takardar gargaɗi, an kuma mayar da ni gwaji na wata shida. Na karɓa da hannu biyu. Baba kuma Manaja ya ce ya riƙe makullansa, har ya haɗa da ba shi haƙuri, a ciki-ciki dai, amma na ji, na kuma rubuta.

Da muka fito na tsaya gaban Baba. Na ce ya yafe mini. Ya ce tun ranar da aka ce injin ya ɓata ya ƙirga waɗanda ya taɓa bar wa ƙofa a makon, ya ga mutum ɗaya ne. Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce bai gani da idonsa ba, kuma ni sabo ne, ga shi kullum ina wahala a kansa har na rame, sai ya ji nauyi.

Yau da safe na ga ya dawo da butarsa da tabarmarsa a ɗaure a bayan keke. Da lokacin salla ya yi na je na tsaya kusa da ƙofa kamar yadda na saba, ko zai buƙaci a tsaya masa. Ya dube ni, ya ja ƙofar ya datse da kwaɗo, ya girgiza kwaɗon sau biyu, ya jefa makullin a aljihu. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Je ka huta, Akawu. Ka taimaka iya taimako.”

Ka gaida mutanen wurinku.

Ƙaninka,
Akawu